Na Ga Batsa A Wayar Maigidana: In Tona Ko In Rufe?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Zariya. Shekararmu takwas da aure, 'ya'yanmu uku. Maigidana mutumin kirki ne, ba ya wasa da jam'i, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma kusan shekara biyu ke nan ya ja baya da shimfiɗata. Kullum gajiya, sai ya ɗauki waya ya koma falo har ƙarfe biyun dare. Na ɗauka budurwa ya yi. Kuɗin adashina kaf a kayan mata suka tafi, ba abin da ya canza. Watan jiya babban ɗanmu mai shekara bakwai yana wasan gem da wayar, na karɓa zan sa caji, sai na ga abin da ya sa ƙafafuna suka kasa ɗaukata: finafinan batsa, ga kuma guruf-guruf na Telegram. Har yau ban ce masa uffan ba, amma ko muryarsa na ji sai zuciyata ta tashi. Ƙawata ta ce aljana ce ta aure shi, a nemo mai ruƙiyya. Yayata ta ce in kai ƙara wurin mahaifiyarsa, ko in yi yaji. Na kuma ga wani saƙo a WhatsApp cewa mai kallon nan ƙwaƙwalwarsa ta lalace, ba ya warkewa. Anti, ni ce na gaza? Zai daina kuwa? In tona ko in rufe?

Ƙanwarki a Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu ƙwarai. Wata guda kina dafa wa mutum abinci, kina kai masa ruwan wanka, alhali wannan abu na cin ki a ciki, ba ƙaramin nauyi ba ne. Allah Ya saka miki da kika tsaya neman shawara kafin ki yi abin da ba ya gyaruwa.

Ba ke kika gaza ba. Na fara da wannan ne don na san shi ne ke hana ki barci. Yawancin mazan da ke fama da wannan abu tun kafin su san matansu suka fara, wasu tun suna sakandare, a wayar aboki. A Ingila, ofishin Kwamishinar Yara ya fitar da rahoto a watan Janairun 2023 bayan tambayar matasa, aka tarar shekara 13 ce matsakaicin shekarun da yaro ke fara cin karo da batsa. Mutumin da ya shigo aure da sabon shekara goma ko fiye, ba girkinki ko jikinki ne ya koya masa ba. Kuma da budurwa ce, da sai mu ce mace ce kamarki, a gwada kwalliya. Wannan kuwa ba mace ba ce. Rumbu ne da ba ya ƙarewa, kowane taɓi ɗaya sabuwar fuska, ba fushi, ba haila, ba jego, ba "yau na gaji da aikin gida". Babu 'yar Adam ɗin da za ta yi gasa da wannan, su kansu matan da ke cikin fim ɗin ba haka suke a gidajensu ba. Don haka ki daina zuba kuɗinki a tsumi da haɗe-haɗen da ba ki san me aka sa a ciki ba. Masu sayarwa a Instagram suna cin kasuwarsu ne da hawayen irinku, kuma wasu abubuwan da ake matsawa ciwon sanyi suke jawowa.

Sai maganar ƙwaƙwalwa. Saƙon nan da kika gani yana da tushe, amma an ƙara masa gishiri har ya fi miyar yawa. Ga asalinsa. A 2014 wasu masana biyu a birnin Balin na Jamus, Simone Kühn da Jürgen Gallinat, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 64, suka tambaye su awa nawa suke kallo a mako. Sai suka ga waɗanda suka fi yawan kallo, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai lura da jin daɗi da kwaɗayin abu ya ɗan fi na sauran ƙanƙanta. Amma su da bakinsu suka ce hoton bai nuna wanne ya riga wanne ba: ko kallon ne ya rage sashen, ko kuwa mai irin wannan ƙwaƙwalwar ne da ma ya fi saurin faɗawa. A shekarar dai, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Dakta Valerie Voon da abokan aikinta sun gwada maza 19 da suka kasa riƙe kansu a wannan harka da wasu 19 masu lafiya. Da aka nuna musu bidiyon, sassan da ke motsawa a ƙwaƙwalwar ɗan ƙwaya in ya ga ƙwaya su ne suka fi motsawa a tasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken nan shi ne, kwaɗayinsu ya fi na sauran, amma jin daɗinsu bai fi ba. Suna so, ba sa morewa. Duk wadda ta zauna da mai shan sigari ta san wannan hali: yana zuƙa yana tsine wa ranar da ya fara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka rashin iya riƙe kai a harkar sha'awa cikin sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Ba ta jera shi tare da shaye-shaye ba, ta sa shi cikin matsalolin kasa danne zuciya. Ta kuma gindaya sharuɗɗa: sai mutum ya yi ta ƙoƙarin dainawa yana kasawa na tsawon lokaci, kamar wata shida ko fiye, har abin ya fara taɓa iyalinsa ko aikinsa ko lafiyarsa. Ba a ce ba ya warkewa ba. Hausawa sun ce hali zanen dutse, gaskiya ne, amma wannan ba hali ba ne, sabo ne, kuma ana kwance sabo.

Ni ina adawa da masu ƙara gishirin nan, ko da niyyarsu ta gari ce. Ka ce wa mutum ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu, to me zai tashi ya gyara? Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Joshua Grubbs, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni. Tun wajen 2015 bincikensa ya nuna masu riƙo da addini sun fi saurin ɗaukar kansu a matsayin kamammu da suka yi nisa, ko da kallon nasu bai kai na wasu ba, kuma wannan jin na "na lalace" da kansa yana tafiya tare da damuwa da ƙuncin rai. Kada ki fahimce ni a baibai, ba cewa nake jin kunyar zunubi laifi ne ba, ai alamar imani ce. Amma ki duba yadda abin ke juyawa ga mutum irin maigidanki. Ya kalla, ya tsani kansa, ya yi wanka ya tafi Asuba yana jin shi munafuki ne a sahu. Ya wuni da ƙunci, bai da wanda zai faɗa wa. Dare ya yi, ƙuncin nan ya nemi abin da zai kwantar da shi, ga waya a hannu. Haka ake ta kewayawa. Duhu da kaɗaici su ne abincin wannan sabo. Ki riƙe wannan, don a kansa duk shawarata ta ginu.

Ba zan rage miki illarsa ga aure ba, domin tana nan. Tun 1988 wasu masana biyu a Amurka, Zillmann da Bryant, suka yi gwaji: suka riƙa nuna wa mutane maza da mata irin finafinan nan awa ɗaya a mako har mako shida, sannan suka tambaye su game da abokan zamansu. Waɗanda suka kalla sun dawo suna raina surar abokan zamansu da yadda suke nuna ƙauna da yadda suke a shimfiɗa, fiye da waɗanda aka nuna wa finafinai na yau da kullum. Awa shida kacal. A 2017 Paul Wright da abokan aikinsa suka tattara bincike 50 daga ƙasashe 10, mutum sama da 50,000, suka tarar a wajen maza yawan kallo na tafiya tare da ƙarancin gamsuwa da iyali da kuma kwanciyar aure. Sai Samuel Perry da Cyrus Schleifer na Jami'ar Oklahoma, waɗanda a 2018 suka buga nazarin ma'aurata 2,120 da aka bibiya cikin shekaru. Waɗanda suka fara kallo a tsakanin, yiwuwar mutuwar aurensu ta kusa ninkawa. Amma ga wani abu da masu yaɗa labarin ba sa faɗa: haɗarin ya fi ƙarfi ga matasa da waɗanda ba su damu da addini ba. Amurkawa ne, rayuwarsu daban da tamu, amma ya isa ya nuna miki cewa gidan da ake sallah a cikinsa yana da igiyar da zai kama.

Game da ja da bayan da ya yi, kada ki yanke cewa wayar ce kaɗai. Wani lokaci abin a juye yake. Namiji ya fara jin rauni, ciwon suga ko hawan jini ya fara taɓa shi bai sani ba, ko maganin da yake sha, ko bashi da tunanin kuɗin makaranta su danne shi. Sau ɗaya ko biyu ya kasa, kunya ta kama shi, sai ya gudu inda babu wanda zai ga gazawarsa. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Duk yadda magana ta kaya, ki lallaɓa shi a auna masa suga da jini. Kuma ki hana shi maganin ƙarfin mazan da ake tallarsa da lasifika a bakin tasha. Mai hawan jini ko ciwon zuciya zai iya sayen ajalinsa da kuɗinsa.

Maganar aljana ba zan daɗe a kai ba. Karatun Alƙur'ani da azkar na safe da yamma alheri ne a kowane gida, ku yi. Amma aljana ba ta sayen data, ba ta shiga guruf a Telegram. In kika ɗora wa aljani, kin sauke wa maigida nauyin da shi kaɗai ne zai iya ɗauka, kuma kin shigo da baƙo cikin sirrin ɗakinki.

Yanzu ga babbar tambayarki. Kada ki kai wa mahaifiyarsa, kada ki yi yaji, a yanzu dai. Yayarki don tana ƙaunarki ta faɗa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma ki tsaya ki hango. Kin je cikin gari kin durƙusa gaban Hajiya, da wane baki za ki faɗa? In ma kin iya, ɗayan biyu ne: ko ta ƙaryata ki ta ce sharri kike wa ɗanta, ko ta yarda ta kira shi ta wanke shi tas, wataƙila a gaban ƙannensa. Namijin da aka tsiraita a gaban uwarsa da wuya ya manta da wanda ya yi masa. Kuma kin san Zariya. Abin da aka faɗa a Tudun Wada da hantsi, kafin La'asar ya shiga Ƙofar Doka, gobe ana yi da shi a majalisar Sabon Gari. Magana zarar bunu ce. Watarana zai daina, in sha Allahu, amma sunan ba zai daina bin shi ba, kuma 'ya'yanki da sunansa ake kiran su. In kika yi yaji kuwa, dole Baba ya tambayi dalili, kuma duk daren da kika yi a gida kin bar shi ne daga shi sai wayar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Mijinki ya fi kowa cancantar wannan sutura daga gare ki. Ki kuma roƙi yayarki da ƙawarki su kama bakinsu, mutum biyu ma sun yi yawa.

Sai dai sutura daban, shiru daban. Abin da kike yi wata guda ke nan ba rufin asiri ba ne, haɗiyar garwashi ne. Ke kina ƙonewa, shi bai san kin sani ba, yaro kuma na ci gaba da wasa da wayar. Da yawa daga cikinmu an tarbiyyantar da mu cewa haƙuri shi ne kada ki ce komai. Na ga matan da suka yi irin wannan haƙurin shekara goma, ya ƙare da hawan jini da tsanar mijin da ba su taɓa gaya masa laifinsa ba. Ki tona, amma a ɗaki, ga mutum ɗaya, mai laifin.

Ki zaɓi lokaci. Ba tsakar dare kin kama shi dumu-dumu ba, ba lokacin da ya shigo da yunwa ba, ba a tsakiyar faɗan cefane ba. Ranar da ba ya fita aiki, yara sun tafi Islamiyya, ya ci ya ƙoshi. Ki zauna kusa da shi, kada ki tsaya a kansa. Ki fara da yaron, domin nan ne ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Wani abu kamar haka: "Abban yara, akwai maganar da ta fi wata tana damuna. Ranar da yaron nan ke wasa da wayarka na karɓa zan sa caji, na ga abin da ke ciki. Ba bincike na je yi ba. Ban kai maganar gidanku ko wurin iyayena ba, kuma ba ni da niyya. Amma na ji ciwo ƙwarai, kuma ina tsoron abin da yaron nan ya gani. Ina so mu gyara tare." Daga nan ki yi shiru, ki bar shi da maganar.

Ki shirya wa fushi. Da yawa abin da zai fara fita daga bakinsu shi ne "Wa ya ba ki izinin taɓa wayata?" Wani ma har ayar hana bincike ta Suratul Hujurati zai jawo miki. Kada ki biye masa a shiga muhawara, ki ce a hannun ɗansa kika karɓa, shi ke nan. Wani zai ce abokai ne suka tura masa a guruf, bai ma buɗe ba. Kada ki matsa sai ya amsa laifi a zaman farko, ba kotu ba ce. Ki ce to Alhamdu lillahi, tunda haka ne a fita daga guruf ɗin yanzu a goge. Kin ba shi ƙofar fita da mutuncinsa, kuma ya san kin sani, wanda shi ne abin da ake nema. Wani kuma zai fashe da kuka. In haka ta faru, kada ki ce "Allah wadai", kada kuma ki yi saurin cewa "ba komai". Akwai komai. Ki ce kin ji, kina tare da shi, amma sai kin ga aiki. Kalmomi irin su ɗan iska, fasiƙi, munafuki, ki haɗiye su ko sun zo bakinki. Ya riga ya faɗa wa kansa su sau dubu, ba su hana shi komawa ba.

Alkawarin baki ba ya isa, domin ya sha yi wa kansa a kan sallaya. Abin da ke aiki shi ne canza yanayin da abin ke faruwa. Kin ce falo ne, bayan kowa ya kwanta. To wayar ta riƙa kwana a wurin caji a wajen ɗaki daga ƙarfe goma, taki da tasa duka, don kada ya ji shi kaɗai aka sa wa doka. A sayi ƙaramin agogo saboda Asuba. A daina sayen garaɓasar datar dare. Ya fita daga guruf-guruf ɗin, in ba ya buƙatar Telegram don aikinsa a cire shi gaba ɗaya. Ku riƙa kwanciya lokaci ɗaya, ko da hira kawai za a yi. Kuma shi da kansa ya lura da abin da ke tunkuɗa shi: ɓacin ran wurin aiki ne, rashin kuɗi ne, ko zaman banza? Ayar Suratun Nur da ta umarci muminai maza su runtse idanunsu ta zo kafin ta mata, kuma ta sa runtse ido a gaban tsare farji. Tun daga kallon farko ake tare abin, ba sai an yi nisa ba.

Ke kuma kada ki zama 'yar sanda. In kika koma binciken waya kullum, za ki haukata kanki, shi kuma zai ƙware a ɓoyo. Ya fi kyau ku yi yarjejeniya: lokaci-lokaci za ki tambaye shi yaya ake ciki, shi kuma zai gaya miki gaskiya, kuma gaskiyar ba za ta zama dalilin tashin hankali ba. Zai iya zamewa, ki sa wannan a ranki tun yanzu. Wanda ke yi kullum ya koma sau ɗaya a wata, tafiya ce ake yi.

In wata uku ko huɗu suka wuce yana ƙoƙari yana kasawa, a nemi taimako. A Jami'ar Jihar Utah ta Amurka an yi gwaji da maza 28, kusan dukkansu masu riƙo da addini 'yan wata ɗariƙar Kirista, aka buga sakamakon a 2016. Waɗanda suka yi zama 12 da masanin halayya kallonsu ya ragu da kashi 93 cikin 100, waɗanda aka bari suna jiran layi kuwa kashi 21 kawai. Sama da rabi sun daina ɗungurungum a ƙarshen zaman. Mutum 28 ba su da yawa, kuma bayan wata uku wasu sun ɗan koma, amma ya ishe ki amsa ga mai cewa ba a warkewa. Abin da aka koya musu shi ne yadda mutum zai ji sha'awar ta taso, ya bar ta ta wuce ba tare da ya bi ta ba, maimakon kokawa da ita har ta kayar da shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In yana tsoron haɗuwa da idon sani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Na san da ya ji zai ce "Ni mahaukaci ne?" Ki ce masa masu rashin barci da masu damuwa ma can suke zuwa. In kuma malami ya fi kwanta masa a rai, ya zaɓi mai riƙon amana, shi ya je da ƙafarsa, ba ke za ki kai shi ba.

Akwai inda duk wannan lallashi ke tsayawa, kuma ina so ki ji da kyau. In ya fara tilasta miki abin da ya gani, abin da addini ya hana ko wanda ke cutar da jikinki, ko shaƙewa ko mari a shimfiɗa, kina da haƙƙin ƙi, kuma nan waliyyinki zai shigo. In ya ce zai ɗauke ki hoto ko bidiyo "don shi kaɗai", kada ki yarda ko da wasa. Waya na ɓata, ana kai ta gyara, aure ma na mutuwa. In kuma, Allah Ya kiyaye, kika ga hotunan ƙananan yara a ciki, wannan ba maganar sutura ba ce. Babban laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, kuma tsaron 'ya'yanki da na maƙwabta ya wuce mutuncin kowa.

Wani abin da ya kamata shi ma ya sani: guruf-guruf ɗin nan ba kallo kaɗai ake yi a ciki ba, tarko ne. Ana jan mutum da hira da sunan mace, a sa shi ya tura hoton tsiraicinsa, sannan a ce ya biya ko a watsa wa danginsa. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. Kuma ba duk wadda ke cikin bidiyo ce ta yarda a ɗauke ta ba. A Disambar 2020, bayan wani rahoto na jaridar New York Times kan bidiyon yara da na fyaɗe, ɗaya daga cikin manyan shafukan batsa na duniya ya sauke miliyoyin bidiyo, Visa da Mastercard kuma suka janye hulɗa da shi. Na kusa da mu ma haka ne, bidiyon 'yar mutane da saurayi ya yaudara, yana yawo daga waya zuwa waya ana cewa "turo mini". Uba mai 'ya mace in ya tuna wannan, wani lokaci ya fi masa wa'azin awa guda.

Za a samu mai ce miki maganin abin shi ne ya ƙara aure. In yana da hali da niyya wannan wata magana ce daban, amma kada a kawo ta a matsayin magani. Aure ɗaya bai cire sabon ba, na biyu ma amarci zai ƙare, a dawo falo, sai dai yanzu mata biyu ne ke kuka.

Na bar maganar yaron a ƙarshe, amma ita ce ba ta jiran ranar hutu. Daga yau kada ya ƙara riƙe wayar nan. Ba sai kin yi bayani ba, ki ce wayar Abba ta aiki ce. A rahoton Ingila da na ambata, kashi 10 cikin 100 na matasan sun ga batsa kafin su wuce shekara tara, kashi 27 kuma zuwa shekara 11, kuma kashi 79 sun ci karo da mai ɗauke da mugunta kafin su kai 18. Wani nazari na 2010 da ya duba fitowa 304 daga finafinan da aka fi saye a Amurka ya tarar kashi 88 cikin 100 akwai duka ko shaƙewa ko makamancinsu, kuma kusan kullum mace ce ake yi wa. Babba ya san wasan kwaikwayo ne. Ɗan shekara bakwai ɗauka zai yi haka ake yi wa mata.

Ki same shi ku biyu, kina tsefe wa ƙanwarsa kai ko kuna gyaran wake, ki tambaye shi cikin wasa ko ya taɓa ganin wani hoto a waya da ya ba shi tsoro ko kunya. In ya ce e, ki riƙe fuskarki, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki dake shi. Ki ce ba laifinsa ba ne, abin ba shi da kyau, kuma duk ranar da ya ƙara gani, a wayar kowa, ya ajiye ya zo ya gaya miki, ba za ki yi faɗa ba. Yaron da aka zane a ranar farko ba ya ƙara kawo labari. Ki koya masa cewa babu mai taɓa masa al'aura ko ya nuna masa tasa, ko wane ne. Ki sa ido a wasansa da ƙannensa na 'yan makonni, ki raba musu shimfiɗa. In za a sa musu katun a memori, kada ki aiki yaro wurin masu tura fim a bakin titi, ki je da kanki, ki duba abin da aka zuba kafin ya shiga gida.

Ke ma ki ci abinci, don Allah. In kin yi maganar da shi, ki sake rubuto mini yadda ya karɓa, musamman abin da ya faɗa a mintin farko da abin da ya yi a mako na biyu. Daga nan za mu san ko Shika za a nufa ko agogon Asuba ya wadatar.